Yadda ake horar da ƙarfen sifirin da wuta ya yi tauri ba tare da gautsi ba

Ƙorafi biyu manomi ke dawo wa maƙeri da su. Ko dai bakin gatarin ya naɗe tun a saran farko, ko kuma ya ɓantare da ya haɗu da icen ƙirya. Sau da yawa gatarin biyu daga falle ɗaya na sifirin aka yanko su, maƙeri ɗaya ya ƙera su. Bambancin yana cikin abin da ya faru bayan an ajiye masaba, wato yawan zafin da aka ba ƙarfen, abin da aka tsoma shi a ciki, da kuma ko an sake ɗumama shi bayan tsomawar.

A Bauchi yawancin kayan aikin da muke ƙerawa yau daga tsofaffin sassan mota suke fitowa: sifirin, shaf, boris, giya. Waɗannan ba baƙin ƙarfe zalla ba ne. An gauraya su da wasu sinadarai tun a masana'anta, kuma wannan gaurayen yana sauya yadda suke karɓar wuta. Wanda ya yi musu irin tsomawar da ake yi wa ƙarfe na yau da kullum cikin ruwan sanyi zai riƙa jin ƙara, ƙal, aikin yini ya tsage a hannunsa.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a gawayi, shi ne ke sa ƙarfe ya iya yin tauri. Rodin gini da ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da taga kabon ɗinsu kaɗan ne, galibi bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, don haka ko ka tsoma su sau goma ba za su riƙe kaifi ba. Sifirin na mota yana da kusan kashi 0.6, tare da kuromiyam ko silikon da manganis. Nau'in da ake kira 5160 yana daga cikin waɗanda aka fi yin sifirin da su, kuma kuromiyam ɗinsa kusan kashi 0.8 ne. Shaf da manyan bol sukan zo a kashi 0.4, irin su 4140 mai kuromiyam da molibdinam. Zoben boris yana da kabon kusan kashi 1 da kuromiyam kusan 1.5.

Kabon ne ke ƙayyade iyakar taurin da ƙarfe zai kai. Kuromiyam da manganis da molibdinam kuwa aikinsu shi ne su bar taurin ya ratsa har ciki ko da sanyayawar ba ta yi sauri sosai ba. Shi ya sa tsomawa a mai ta ishi irin wannan ƙarfe, ruwa kuma ya yi masa yawa. Nikel yana ƙara juriya ga bugu.

A wurin 'yan gwangwan babu takardar da za ta gaya maka nau'in ƙarfe, sai ka gwada da kanka. Ɗora shi a giranda cikin inuwa ka kalli tartsatsin. Ƙarfe mai ƙarancin kabon yana fitar da dogayen layuka masu ƙarancin rassa. Mai kabon da yawa tartsatsinsa gajeru ne, suna fashewa rassa-rassa a ƙarshe. Sannan ka duba jikin sifirin da kyau, musamman kusa da ramin tsakiya. Sifirin da ya yi shekaru yana ɗaukar lodi a hanyar Ningi ko ta Dass yakan ɓoye ƙananan tsagu. Idan ka gasa shi ya yi ja za ka gan su kamar baƙin zare. Wurin da ya tsage, yanke shi ka yar. Dukan masaba ba ya haɗe shi.

Kada ka sa ƙarfen da aka lulluɓe da zin a wuta, irin bututun ruwa mai ruwan toka, domin farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Gwajin ɗan guntu

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, a ganina kuwa shi ya fi kowanne ceton gawayi da lokaci. Yanko ƴan guntaye uku daga ƙarfen, ka buga su su yi kauri kamar na bakin kayan da za ka ƙera. Gasa su su kai zafin tsomawa. Bar na farko ya huce a iska, tsoma na biyu a mai, na uku a ruwa. Ɗauki magagari mai kaifi ka goga a kowanne. Inda magagari ya zame yana ƙara ba tare da ya ci ba, taurin ya samu. Ka riƙe hanya mafi sauƙi da ta ba da tauri: idan mai ya wadatar, ka manta da ruwa.

Daga nan ka matse guntun a bais, ka rufe shi da tsumma, ka kare idonka, ka karya shi da guduma. Kalli wurin karayar. Idan ya yi sumul, ruwan toka, kamar garin da aka tankaɗe, ƙwayoyin ƙarfen ƙanana ne, zafinka ya yi daidai. Idan ya fito da manyan ƙwayoyi masu ƙyalli, ka zarce da wuta. Ƙarfe mai manyan ƙwayoyi gautsi gare shi ko yaya ka sassauta shi daga baya.

Ƙira da daidaitawa

Ka yi dukanka yayin da ƙarfen ke tsakanin ruwan goro mai haske da ja sosai, wato daga kusan digiri 1100 zuwa 850 a ma'aunin Salsiyas. Da ya fara komawa ja mai duhu, mayar da shi wuta. Ƙarfe mai kuromiyam ba ya yafe dukan sanyi, yana tsagewa ta ciki inda ido ba ya gani, sai ranar tsomawa tsagar ta bayyana.

Zafin ƙira yana kumbura ƙwayoyin ƙarfe, dukan kuma yana barin wani sashe a takure wani a sake. Maganin wannan shi ne daidaitawa. Gasa kayan gaba ɗaya zuwa kusan digiri 870 ko 900, ka fitar da shi, ka rataye ko ka riƙe shi a iska mara kaɗawa har jan ya ɓace ya yi baƙi. Maimaita sau biyu ko uku, kowane zagaye zafin ya ɗan gaza na baya. Kowane zagaye yana haifar da sababbin ƙwayoyi ƙanana a madadin manyan. Wannan yana daga cikin ƴan hanyoyin da ke ƙara ƙarfi da juriya a lokaci guda, domin galibin sauran dabaru idan sun ƙara ɗaya sai sun rage ɗaya.

Idan kana bukatar huda rami ko gyara da magagari, tausasa ƙarfen: gasa shi ya yi ja, ka binne shi cikin busasshiyar toka mai yawa, ka bar shi ya kwana. Duk wani rami da siffa a gama su yanzu. Kashe kusurwoyi masu kaifi, goge zurfafan sawun magagari, domin daga irin wuraren nan tsaga ke tasowa. Bakin wuƙa ko adda ka bar masa kauri kamar milimita ɗaya, wasawa sai bayan an gama komai.

Gane zafin tsomawa

Idan ƙarfe ya wuce digiri 727, tsarin cikinsa yana fara sauyawa zuwa wani yanayi da masana ke kira ostenayit, wanda ke narkar da kabon a cikinsa ya bazu ko'ina. Ana so sauyin ya kammala kafin a tsoma. Ga sifirin, wannan yana nufin digiri 830 zuwa 850. Ga 4140 kusan 850 ne, zoben boris kuma wajen 840.

Mai tanderun lantarki da ma'aunin zafi sai ya saita kawai. Mai gawayi da zugazugi yana da abokai biyu. Na farko mayen ƙarfe: a kusan digiri 770 ƙarfe yana daina kama shi. Ɗaure mayen tsohuwar sifika a waya ka riƙa taɓa kayan. Da ya daina kamawa ba ka iso ba tukuna, saura digiri sittin zuwa tamanin, wato launin ya ƙara haske mataki ɗaya. Na biyu gishirin girki, wanda ke narkewa a digiri 801. Barbaɗa ƙwayoyi kaɗan a kan ƙarfen. Idan sun narke sun malale, ka wuce 800, ka kusa.

Ido kaɗai yana yaudara, musamman a ranar Bauchi. Ƙarfen da ake gani ja mai duhu da azahar a buɗaɗɗen fili yana iya kasancewa ya zarce digiri 900. Ka yi tsomawarka a cikin rumfa mai duhu, ko ka bari sai bayan magariba, kuma ka riƙa yi a haske iri ɗaya kullum domin idonka ya saba.

Tara gawayi mai zurfi. Gawayin ƙirya da maƙera suka fi so yana riƙe wuta, ya dace da wannan aiki. Sa kayan a tsakiyar garwashi, nesa da bakin da iskar zugazugi ke fitowa, domin iska mai yawa tana cinye kabon ɗin fatar ƙarfen, ka tsoma ka tarar sama-sama ya ƙi tauri. Fara ɗumama ɓangare mai kauri, ka bar zafin ya gangaro zuwa baki. Siririn baki yana saurin ƙonewa. Riƙa jan kayan gaba da baya har launin ya zama ɗaya babu inuwa. Wata dabara mai kyau ita ce ka binne guntun bututun ƙarfe mai kauri cikin garwashin, ka sa wuƙar a cikinsa, zafi ya zagaye ta daidai.

Da launin ya daidaita, riƙe shi a nan. Siririyar wuƙar sifirin minti biyar ya ishe ta, boris yana son kusan minti goma domin kuromiyam ɗinsa yana jinkirin sakin kabon. Ga ƙarfe mai kauri a tanderu, ƙa'idar da aka saba ita ce kusan awa ɗaya ga kowane milimita 25. Riƙewa ake so, ba ƙara zafi ba, don haka ka sassauta zuga.

Tsomawa

Shirya man tun kafin ka sa ƙarfe a wuta. Man gyaɗa yana aiki sosai, kuma muna da shi. Baƙin man inji da aka juye daga mota shi ne aka fi samu kyauta, amma ba na ba da shawararsa: yana sanyayawa a hankali, kowane juyi da irin halinsa, hayaƙinsa kuma guba ne ga huhu. Zuba man a mazubin ƙarfe mai zurfi da murfi, kada ka yi amfani da roba. Ka yawaita shi, kamar lita takwas ga kowane kilo na ƙarfe, domin ɗan mai kaɗan yana saurin zafi ya kama wuta.

Ɗumama man zuwa digiri 50 ko 60 ta hanyar jefa wani jan ƙarfe a ciki ka motsa. Mutane na zaton mai sanyi ya fi sanyaya ƙarfe, alhali mai ɗumi ya fi tsinkewa, yana zagaya ƙarfen da sauri ya kwashe zafin. Da safiyar hunturu a Disamba ko Janairu, lokacin da man gyaɗa ke yin kauri a galan, wannan mataki wajibi ne.

Mazubin ya kasance taku ɗaya daga wuta. Kama kayan da awartaki ta inda ba a bukatar tauri, ka fitar, ka nutsar da shi nan take, tsini ko baki a gaba, a miƙe. Motsa shi sama da ƙasa ko ta fuskar kaifi. Motsi gefe da gefe yana sanyaya fuska ɗaya kafin ɗaya, kayan ya karkace. Ka nutsar da duk ɓangaren da ya yi ja, domin jan ƙarfe da ya tsaya a saman mai shi ke kunna wuta. Idan ta kama, rufe da murfi. Kada ka kuskura ka watsa ruwa a kan mai mai ci. Ajiye bokitin yashi kusa, ka kawar da fuskarka daga saman mazubin.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, sanyin gaggawa yana hana kabon fita daga inda ya narke. Da zafin ya sauko wajen digiri 300 zuwa ƙasa, tsarin ƙarfen yana juyewa da kabon a maƙale a cikinsa, ya zama abin da ake kira matensayit, mai tsananin tauri. Wannan juyi yana zuwa da ɗan kumburi. Idan fata ta riga ta taurare sannan ciki ya kumbura daga baya, sai ƙarfen ya yage kansa. Ruwa yana tsananta wannan bambanci tsakanin fata da ciki, shi ya sa yake fasa sifirin da boris.

Bar kayan a mai har ya huce yadda za ka iya taɓa shi da ɗumi-ɗuminsa. Goge man, gwada da magagari. Idan ya ci kaɗan, kankare fatar ka sake gwadawa, wataƙila saman ne kawai ya rasa kabon. Idan har ciki yana ci, zafin bai kai ba ko ka yi jinkiri tsakanin wuta da mai. Daidaita shi sau ɗaya ka sake.

Sassautawa

Ƙarfen da ya fito daga mai ba kayan aiki ba ne tukuna. Yana da tauri, amma idan ya faɗi a kan siminti zai iya karyewa, wani lokaci ma yana ajiye shi kaɗai ya tsage cikin dare. Kada ka ce sai gobe. A cikin awa ɗaya da tsomawa ka fara sassautawa, wato sake ɗumama shi a ƙaramin zafi domin kabon ɗin da ya maƙale ya ɗan samu hanya, takurar ciki ta ragu. Kana sayar da ɗan tauri ka sayi juriya, kuma aikin da kayan zai yi shi ke faɗin nawa za ka sayar.

Wuƙar fawa da aska suna son digiri 180 zuwa 200. Adda, lauje, gatari da gizago, waɗanda ke shan bugu, 220 zuwa 250. Sifirin da ake so ya lanƙwasa ya dawo yana bukatar 400 zuwa 480. Shaf, fil da sauran sassan inji na 4140 ana kai su 550 zuwa 650, inda taurin ke raguwa sosai amma juriya ta yi yawa. Bol ɗin da ka ga an rubuta 8.8 ko 10.9 a kansa ta wannan hanya aka yi shi, an tsoma shi sannan an sassauta shi a zafin da bai gaza 425 ba. Makanike da ya gasa irin wannan bol ya yi ja don ya kwance shi ya riga ya kashe horonsa, bai kamata ya mayar da shi inda ya fito ba.

Akwai tarko a tsakiya. Daga kusan digiri 260 zuwa 370, yawancin irin waɗannan ƙarafa juriyarsu ga bugu tana raguwa maimakon ta ƙaru. Don kayan da za su sha duka mai tsanani, ka tsaya ƙasa da wannan tazara ko ka haye samanta. Haka kuma ƙarfe mai kuromiyam da manganis ko nikel da aka sassauta a wajen 600, idan aka bar shi ya huce a hankali ta tsakanin 575 da 375, yana iya yin gautsi. Ka tsoma shi a mai da zarar lokacinsa ya cika. Molibdinam yana rage wannan matsala, dalili ke nan da ake zuba shi a ƙarfen shaf.

Hanya mafi inganci ga ƙananan zafi ita ce obin na gasa burodi ko kek, da ma'aunin zafi na daban a ciki, domin lambar jikin obin ba ta cika gaskiya ba. Wanke man tas, sa kayan awa ɗaya zuwa biyu, fitar da shi ya huce, sannan ka maimaita. Zagaye na biyu yana da dalili: wani ɓangare na ostenayit yakan ƙi juyewa a tsomawa, sai bayan zagayen farko ya zama sabon matensayit, wanda shi ma yana bukatar sassautawa. In babu obin, cika faranti mai zurfi da busasshen yashi, ɗora a kan garwashi mara ƙarfi, binne kayan a ciki ka riƙa dubawa.

Launi shi ne ma'aunin maƙeri a nan. Goge ƙarfen ya yi fari ƙal, babu mai babu sawun yatsa. Yayin da yake ɗumi, launuka za su bayyana bi da bi: ruwan busasshen kara a wajen digiri 220, ruwan zuma a 240, ruwan ƙasa a 255, shunayya a 280, shuɗi a 300, daga nan ya koma ruwan toka. Kuromiyam yana ɗan jinkirta fitowar launi, daɗewa a zafi kuma tana ƙara duhunsa, don haka ka haɗa launi da gwajin magagari.

Ga gatari da cizal, ana so baki ya yi tauri, jiki da wurin ƙota su yi laushi su shanye bugu. Bayan sassautawar farko ta gaba ɗaya, goge gefen ya yi fari, ɗora ƙeyar gatarin a kan wani jan ƙarfe mai kauri, baki yana sama a iska. Za ka ga launuka suna tafiya daga ƙeya zuwa baki. Kada ka yi gaggawa, tafiyar da ta ɗauki mintuna ta fi wadda ta ɗauki daƙiƙu, domin zafin yana ratsa ciki. Da ruwan zuma ya iso baki, tsoma shi ka tsayar da tafiyar. Idan shuɗi ya riga ka isa bakin, ya yi laushi, sai dai a koma daidaitawa da tsomawa daga farko.

Wasawa da gwajin ƙarshe

Giranda tana iya rusa duk wannan aiki cikin ƙiftawar ido. Siririn baki yana zafi nan da nan, kuma duk inda ka ga ya yi shuɗi a wasawa ya rasa taurinsa. Wasa a hankali, riƙa tsomawa a ruwa, ka ƙarasa da dutsen wasa. Walda ma haka take: gefen ɗinkin yana taurarewa ya yi gautsi, gaba kaɗan kuma ya yi laushi. In dole ne a yi wa irin wannan ƙarfe walda, a yi ta kafin horo, a ɗumama shi zuwa digiri 200 ko 300 kafin a fara, a bar shi ya huce a toka.

Sassan da rai ya rataya a kansu, irin su sitiyari, birki, shaf ɗin ƙafar motar haya da ƙugiyar ɗaga kaya, ba a horar da su da gawayi da ido. Suna bukatar tanderu mai ma'auni da na'urar auna tauri. Mai irin wannan aiki ya tuntuɓi sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi, ko kuma ya sayi sabo.

Kafin ka kai kaya kasuwar Muda Lawal ko Wunti, ɗauki ɗaya daga kowane rukuni ka wahalar da shi. Sari busasshen ice mai tauri sau da yawa, har da wurin gaɓa, sannan ka bi bakin da farce. Idan ya naɗe, taurin ya gaza: ko ka zarce a sassautawa, ko tsomawar ba ta kama ba, sai a sake daga daidaitawa. Idan ya ɓantare ƙanana-ƙanana, ƙara digiri 15 zuwa 20 ka sake sassautawa awa ɗaya, ba sai ka sake tsomawa ba. Idan kuwa ya ɓalle babba kuma wurin karayar yana ƙyalli da manyan ƙwayoyi, matsalar tun daga wuta take, ka rage zuga a rukuni na gaba ka ƙara zagaye ɗaya na daidaitawa.